Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ma'aikatar Harkokin Wajen Tailan: ku gaya wa matanku abin da fom ɗin biza ke tambaya

Zuwa ga Babban Darakta,
Sashen Kula da 'Yan Ƙasa a Ƙetare,
Titin Chaeng Watthana, Bangkok.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna lafiya. Mu mutane ne da aikinmu ya shafi dokokin shige da fice da takardun tafiya, kuma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami magana ce da hukumomi ba su cika son furtawa a bainar jama'a ba. Ofishinku ne ke ba 'yar Tailan fasfo, na shekara biyar a kan baht 1,000 (baht shi ne kuɗin Tailan), na shekara goma a kan baht 1,500, ba tare da an tambaye ta sana'arta ba. Hakan daidai ne. Sai dai fasfo ƙofar fita kawai yake buɗewa. Ƙofar shiga tana hannun wata ƙasa, kuma ƙasashe da dama suna da doka a rubuce game da macen da ta taɓa yin karuwanci. Matan da suka yi aiki a mashayun unguwar Patpong ta Bangkok, ko Pattaya, ko Patong na Phuket, da yawansu 'yan ƙauyukan Isan, yankin arewa maso gabashin Tailan, ba daga bakinku suke jin waɗannan dokoki ba. Daga bakin dillali suke ji, shi kuwa dillali abin da zai kawo masa kuɗi yake faɗa.

Kowa da yadda yake kallon wannan sana'a, kuma a cikinmu ma akwai waɗanda ba su ganin ta da kyau ko kaɗan. Wannan bai hana mu haɗuwa a kan abu ɗaya ba: 'yar ƙasa ce, fasfonku ne a hannunta, kuma idan ta shiga uku a Manama ko Seoul ko Frankfurt, wayarku ce za ta yi ƙara da tsakar dare.

Bari mu fara da Amurka, don nan ne dokar ta fi fitowa fili, nan ne kuma kuskure ya fi tsada. A dokar shige da ficen Amurka akwai sashe na 212(a)(2)(D), wanda ya hana biza ga duk mai zuwa don yin karuwanci, da kuma wanda ya yi shi cikin shekara goma kafin ranar neman biza. Fom ɗin DS-160, na masu neman bizar ziyara da bizar wadda za a aura, yana yin wannan tambayar kai tsaye, a amsa da i ko a'a. Haka ma DS-260 na masu neman zama dindindin. Ita ce dai tambayar da ake yi wa mai nema a Abuja ko Yamai ko Accra, ba don 'yan Tailan kaɗai aka rubuta ta ba, kuma asalinta tsoho ne, tun dokar Page ta 1875 da aka yi amfani da ita wajen tare matan Sin.

Abubuwa uku ne a nan da mata ba su sani ba. Na farko, ba a buƙatar a ce an taɓa kama mace ko kotu ta hukunta ta. Aikin da aka yi ake dubawa, kuma ko da a ƙasar da karuwanci bai saɓa wa doka ba aka yi shi, hanin yana nan. Na biyu, kuma wannan yana taimaka wa wasu, ƙa'idar da jami'an biza ke aiki da ita ta ce sai an ga abin ya zama ɗabi'a mai ɗorewa, ana yin sa a kai a kai don samun kuɗi, kafin a ce mutum ya yi karuwanci. Abin da ya faru sau ɗaya ko jefi-jefi bai kai ba. Mai kai giya tebur, mai karɓar kuɗi, mai rawa, mai tausa na gaskiya, babu wadda aikin mashaya kaɗai ya jefa ta cikin wannan sashe. Na uku, hanin yana da wa'adi. Idan shekara goma ta cika daga ranar da mace ta daina, wannan hanin ya sake ta.

Yanzu ku kwatanta da ƙarya. Sashe na 212(a)(6)(C)(i) ya ce wanda ya ɓoye ko ya juya wata magana mai muhimmanci da gangan don ya sami biza, an hana shi shiga har abada. Babu shekara goma a nan, babu ashirin. Ga yadda abin ke faruwa: mace ta daina aikin shekara takwas da suka wuce, ta sami miji Ba'amurke, ta kai takardunta shagon cike fom. Amsoshin fom ɗin da Turanci ake rubuta su, ita kuwa ba ta karanta shi sosai, mai shago ya danna a'a a duk tambayoyin tsaro ba tare da ya karanta mata ko ɗaya ba, ya kuma ƙirƙiro mata aikin shagon gyaran gashi don cike gurbin shekarun. Ranar ganawa jami'i ya tambayi inda suka haɗu da mijin, labarinta ya saɓa da wanda mijin ya rubuta a takardar I-129F, wadda ya cike don a ba ta biza, ko kuma shafinta na Facebook ya tona, tunda daga 2019 ana neman sunayen shafukan sada zumunta na shekara biyar. Da ta jira shekara biyu, ko ta faɗi gaskiya ta nemi afuwa, da hanya a buɗe take. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a idon doka ita ce ta sa hannu, ba mai shago ba.

Afuwar nan da muka ambata akwai ta, kuma ita ce abin da ya fi kamata ku bayyana. Ga mai neman bizar ziyara, hanyar ita ce sashe na 212(d)(3): jami'in biza ne ke ba da shawara, hukumar kwastam da tsaron iyaka ta Amurka ce ke yanke hukunci, ana duba girman abin da ya faru, daɗewarsa, da dalilin tafiya. Amma sai mai nema ta fara gamsar da jami'i cewa za ta dawo gida, wato ta tsallake sashe na 214(b), wanda shi ne ke kayar da mafi yawan masu neman bizar ziyara, dala 185 da suka biya kuɗin neman biza kuma ba ta dawowa. Ga matar aure ko wadda za a aura, hanyar ita ce sashe na 212(h) da fom I-601, kuɗinsa dala 1,050 tun Afrilun 2024. Idan karuwanci ne kaɗai matsalar, abin da ake so ta nuna shi ne ta canza rayuwa kuma shigarta ba za ta cutar da ƙasar ba: takardar wurin aiki na yanzu, shaidar biyan haraji ko inshorar ma'aikata, takardar koyon sana'a, bayanan banki, wasiƙun waɗanda suka san ta. Wadda aka kama da ƙarya kuwa sai ta tabbatar da cewa mijinta, ko mahaifinta ko mahaifiyarta, ɗan ƙasa ko mai izinin zama, zai shiga matsananciyar wahala idan ba a bar ta ta shiga ba. Wannan tudu ne mai wuyar hawa, kuma 'ya'yanta ba su cikin lissafin.

Duk wannan bayani bai fi shafi biyu ba. Muna roƙonku ku rubuta shi da harshen Thai mai sauƙi, ku ajiye shi a kowane ofishin fasfo, musamman na Udon Thani da Khon Kaen da Pattaya da Chiang Mai, ku kuma rubuta da manyan baƙi cewa kada mace ta bar kowa ya tura fom da sunanta sai an karanta mata kowace tambaya.

Daga nan sai dokar gida, wadda ita ce ke bin mace har ƙofar ofishin jakadanci. Dokar hana karuwanci ta 1996, wadda ta maye gurbin ta 1960, ta sa tarar da ba ta wuce baht 1,000 ba ga mai neman abokin hulɗa a bainar jama'a a sashe na 5. Sashe na 6 ya sa ɗaurin da bai wuce wata ɗaya ba, ko tarar baht 1,000, ko duka biyu, ga wadda aka samu a gidan karuwanci don yin sa. Sashe na 7, na talla, ya fi zafi: ɗaurin wata shida zuwa shekara biyu, ko tara, ko duka biyu. Alƙaluman 'yan sandan Tailan sun nuna an kama tare da cin tarar mutum fiye da 24,000 a 2019 kan laifukan da suka shafi wannan sana'a. Baht 1,000 ba kuɗi ne mai yawa ba, shi ya sa mace kan amsa laifi nan take, ta biya, ta koma gida ta kwanta. Ba wanda ke gaya mata cewa fom ɗin Amurka yana tambaya ko an taɓa kama mutum a kan kowane laifi, ko da an yafe masa daga baya, ko cewa mai neman bizar zama sai ta kawo takardar shaida daga sashen 'yan sanda na musamman a Bangkok. Ƙungiyar Empower, wadda ke aiki da waɗannan mata tun 1985, ta fara tattara sa hannun mutum 10,000 a 2020 don a soke dokar, kuma batun tabon da ke bin mace yana cikin manyan dalilanta. Soke doka aikin majalisa ne, mun sani. Abin da ke hannunku shi ne ku shawarci kowace mace ta fara karɓo takardar shaidar 'yan sanda ta ga abin da aka rubuta a kanta kafin ta cike fom ɗin kowace ƙasa, ta kuma nemi kwafin hukuncin kotu idan akwai. Sashe na 6 ɗin nan ma ya ce wadda aka tilasta ba ta da laifi, amma wannan kariya ba ta amfani wadda ta riga ta amsa a caji ofis.

Idan ƙofar gaba ta rufe, dillali ne ke tsaye a ta baya, kuma kotunan ƙasashe uku sun riga sun baje mana yadda yake aiki. A Ostireliya, shari'ar Tang da babbar kotun ƙasar ta yanke a 2008 ta shafi matan Tailan biyar a wani gidan karuwai na Melbourne. An shigo da su da bizar ziyara, aka riƙe fasfonsu da tikitin komawarsu, aka ɗora wa kowacce bashin kusan dalar Ostireliya 45,000. Kowane baƙo yana rage dala 50 daga bashin. Ku yi lissafin: baƙi 900, kwana shida a mako. Aka kuma shigar musu da takardun neman mafaka na ƙarya don su sami izinin aiki na wucin gadi. Kotu ta ce bauta ce. A Amurka, shari'ar da aka yi a Minnesota tsakanin 2016 da 2018 ta nuna bashin dala 40,000 zuwa 60,000, da kuɗin da ake zuba wa mace a asusun banki na ɗan lokaci don jami'in biza ya gani, da sana'o'in ƙarya, da auren bogi. A Jamus, a Afrilun 2018, 'yan sandan tarayya fiye da 1,500 suka kai samame lokaci guda kan wata ƙungiya da ke shigo da matan Tailan da bizar yawon buɗe ido ta Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta ƙasashen Turai da dama. Salon iri ɗaya ne ko'ina: bizar ziyara, labarin ƙarya, fasfo a hannun magajiya, bashin da ya ninka kuɗin jirgi sau da yawa. Abin takaici, da yawa daga cikin matan sun san aikin da za su je yi. Sharuɗɗan ne ba su sani ba, kuma saboda sun sani ɗin, sai su ɗauka ba su da bakin kai ƙara. Suna da shi. Yardar farko ba ta halatta riƙe fasfo da bashin ƙangi ba, kuma Amurka tana da bizar T ta waɗanda aka yi safararsu, gurbi 5,000 a shekara, tun dokar 2000.

Ƙasashen da ba su neman biza daga 'yan Tailan suna da nasu tarkon, domin mutane sun ɗauka rashin biza izinin shiga ne. Japan ta ɗage biza ga 'yan Tailan a Yulin 2013, kwana 15. Amma sashe na 5 na dokar shige da ficenta ya hana sauka ga wanda ya taɓa yin karuwanci ko kawalci, in ban da wanda aka yi safararsa, kuma babu wa'adin shekaru a rubuce a wannan sashe kamar na Amurka. Taiwan ta fara da kwana 30 a 2016, ta rage zuwa 14 a 2018. Koriya ta Kudu tana ba da kwana 90 bisa yarjejeniyar 1981, sai dai tun 2021 dole a nemi izinin K-ETA ta intanet, kuma samunsa bai hana jami'i a filin jirgin Incheon ya mayar da mutum jirgi na gaba ba. Kun ga yadda 'yan ƙasarku suka fusata a 2023 har suka yi ta kiran a ƙaurace wa Koriya, saboda laifin waɗanda ake kira phi noi, masu wuce wa'adi su ɓace cikin aiki, ya shafi masu yawon gaskiya. Wani abu guda da ya kamata ya fito a kowace sanarwarku game da Koriya: dokar ƙasar ta keɓe lasisin tausa ga makafi da masu raunin gani. Saboda haka duk tallan da ke cewa ana neman 'yar Tailan ta je aikin tausa a Seoul ko Busan da bizar yawo, aikin haram ne a doka tun kafin a zo maganar abin da ke faruwa a ɗakin baya. Dokarsu ta 2004 kuma tana hukunta mai saye da mai sayarwa, ɗaurin da ya kai shekara ɗaya ko tarar won miliyan uku.

Akwai kuma ruɗin da ya fi yaudara, na cewa a can ai halal ne a doka. Gaskiya ne New Zealand ta cire karuwanci daga jerin laifuka a 2003, amma sashe na 19 na wannan dokar ya hana duk mai bizar wucin gadi yin sa, ɗaliba ce ko mai ziyara ko mai bizar aiki, kuma ana iya tasa ƙeyarta. Kanada ta hana baƙi masu izinin wucin gadi aiki a gidajen rawar tsiraici, da kamfanonin rakiya, da gidajen tausar batsa, ko da share-share aka ɗauke su yi. Jamus tun 2017 ta wajabta rajista, rajistar kuwa ba a yi wa wadda ba ta da izinin aiki, ita kuma bizar Shengen ta kwana 90 cikin 180, mai kuɗi yuro 90 da inshorar yuro 30,000, ba ta ba da izinin kowane irin aiki. Suwizalan ta soke takardar izinin 'yan rawar gidajen dare daga farkon 2016. A Suwidin mai saye ake hukuntawa tun 1999, amma dokar baƙi ta ba da damar a kori wadda ake ganin ba ta hanyar halal za ta ciyar da kanta ba. A Ostireliya jihohi irin su New South Wales da Victoria sun cire laifin, sai dai bizar ziyara tana ɗauke da sharaɗi mai lamba 8101, wato ba aiki, kuma karya shi ya isa a soke ta. Abin da doka ta halatta wa 'yar ƙasa daban, abin da ta halatta wa baƙuwa daban.

Ƙasashen yankin Gulf ba su buƙatar dogon bayani. A Bahrain da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Oman laifi ne mai ɗauri da kora, kuma macen da ta gudu daga hannun mai riƙe da fasfonta takan tarar da tarar wuce wa'adi tana jiranta. A nan aikinku na gaggawa shi ne takardar tafiya ta wucin gadi. Muna roƙon a ba da ita ba tare da an sa mace ta fara bayyana wa ma'aikaci a gaban layi abin da ya kai ta ba, a kuma yi tambayoyin tantance safara a ɗaki na daban, da mace ma'aikaciya inda hali ya yi. Sashe na 41 na dokarku ta yaƙi da safarar mutane ta 2008 ya hana gurfanar da wadda aka yi safararta kan laifin karuwanci ko na takardu sai da izinin ministan shari'a a rubuce. Mata da yawa suna ƙin zuwa ofishin jakadanci don tsoron a kama su a filin jirgin Suvarnabhumi na Bangkok idan sun sauka. Ku gaya musu wannan sashe, ku haɗa da lambar 1300 ta ma'aikatar jin daɗin jama'a.

Kada kuma a manta da kathoey, waɗanda aka haifa maza suke rayuwa a matsayin mata. Dokar auren jinsi ta fara aiki a Tailan ranar 23 ga Janairun 2025, amma har yanzu fasfo yana ɗauke da jinsin haihuwa. Fuska ta ce mace, takarda ta ce namiji, sai a ja mutum gefe a filin jirgi, zargin farko kuwa kun san ko wane ne, ko da malamin makaranta ne. Idan an tsare, tambayar ɗakin maza ko na mata ta taso. Ya kamata jami'anku su kasance da umarni a rubuce kan abin da za su nema daga hukumar da ta tsare.

Za a iya cewa ƙasashen waje ne ke da laifin wannan tsangwama. Laifi tudu ne. Sashe na 12 na dokar shige da ficenku ta 1979 shi ma ya hana shiga ga baƙon da ake zaton karuwanci ya kawo shi, kuma matan Afirka da na ƙasashen maƙwabta sun san yadda ake aiki da zato a titin Sukhumvit na Bangkok. Idan za ku nemi a daina yi wa 'yar Tailan hukunci da ganin ido a Incheon, sai ku fara da kantar jami'an shige da ficenku.

Abu na ƙarshe ya shafi ma'aikatar ƙwadago, amma ku ne za ku iya haɗa hannu da ita. Dokar 1985 ta kare masu neman aiki ta tsara hanyoyi biyar na fita aiki waje: ta sashen samar da aiki na gwamnati, ta kamfani mai lasisi, ta shirin mutum da kansa tare da sanar da sashen aƙalla kwana 15 kafin tafiya, ko mai aiki a Tailan ya tafi da ma'aikacinsa, ko ya tura shi horo. Mai tausa ta gaskiya da ta bi ɗaya daga cikinsu tana da kwantiragi da sunan wurin aiki a rubuce. Muna so a manna waɗannan hanyoyi biyar a tagar karɓar fasfo, tare da tambayoyi huɗu da mace za ta yi wa duk mai yi mata tayin aiki: wace irin biza ce, wa zai riƙe fasfo, nawa ne bashin a rubuce, kuma mene ne lambar lasisin kamfanin. Ta ɗauki hoton fasfonta da bizarta ta bar wa wani na gida, ta kuma rubuta adireshin ofishin jakadancinku na ƙasar a takarda, domin waya ce abu na biyu da ake ƙwacewa bayan fasfo.

Ku huta lafiya.

Naku,
Wasu masu aikin ba da shawara kan dokokin shige da fice da kare haƙƙin matafiya